Talabijin ce ke ɗaukar koci a ƙwallon jami'o'in Amurka, ita ce ke korarsa

Mai bin ƙwallon jami'o'in Amurka (American football, ba ƙwallon ƙafa irin tamu ba) daga Accra ya san lissafin agogo. Wasan da ake takewa da tsakar rana a gabashin Amurka, a nan ƙarfe huɗu na yamma ne a watan Satumba da Oktoba, daidai an fito daga la'asar. Wanda ake bugawa da daddare a Kalifoniya kuwa sai wajen biyu da rabi na dare, lokacin da ko majalisar ataya ta Nima ta watse. Waɗannan lokuta ba jami'o'i ne ke zaɓarsu ba. Gidajen talabijin ne ke yanka ranar Asabar gida-gida, su saya, su ce wa kowace jami'a ga sa'ar da za ta fito fili. Wanda ya gane wannan ya gane rabin abin da ke sa jami'a ta sauya sheƙa, da abin da ke sa a kori kocin da ya ci wasa jiya.

Tsarin ya bambanta da namu. A gasar Firimiya ta Ghana, in ƙungiya ta gaza sai ta faɗa rukuni na ƙasa, wata ta hauro, ko da kuwa Hearts ce ko Kotoko dokar ta hau kanta. A can babu hawa babu sauka ta hanyar cin wasa. Jami'o'i suna haɗuwa ne cikin gamayya, su sayar da haƙƙin nuna wasanninsu a dunƙule, su raba kuɗin. Shiga babbar gamayya gayyata ce, kuma ana gayyatar wanda zai ƙara yawan masu kallo, ba lallai wanda ya fi iya wasa ba. Asalin abin hukuncin Kotun Ƙolin Amurka ne na 1984, a ƙarar da jami'o'in Oklahoma da Georgia suka kai NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'i, wanda ya karɓe ikon sayar da wasanni daga hannun hukumar ya mayar wa jami'o'i da gamayyoyinsu. Tun daga ranar kowa ke neman mai saye da ya fi tsoka.

Girgizar baya-bayan nan ta fara ne a Yulin 2021, da Texas da Oklahoma suka ce za su bar gamayyar Big 12 su koma gamayyar SEC. Shekara guda bayan haka USC da UCLA, dukansu na Los Angeles, suka ce za su bar Pac-12, gamayyar yammacin ƙasar, su nufi Big Ten, gamayyar da asalinta ta tsakiyar ƙasar ce. A Agustan 2022 Big Ten ta sa hannu da Fox da CBS da NBC kan kwantiragin shekara bakwai na sama da dala biliyan 7. Big 12 da aka zata ta mutu sai ta yi maza ta ɗauko BYU da Cincinnati da Houston da UCF, sannan ta riga kowa zuwa wajen ESPN da Fox ta sabunta kwantiraginta a kan kusan dala miliyan 31 ga kowace jami'a a shekara. Wannan hanzarin ne ya cece ta, shi ne kuma ya kashe Pac-12. Shugabannin Pac-12 sun tsaya ja-in-ja suna jiran farashin da ya fi haka, har kasuwa ta watse. Abin da ya rage musu tayin Apple ne, na nuna wasa ta intanet, wanda tabbataccen kuɗinsa bai kai na Big 12 ba, sauran kuma ya dogara ga yawan waɗanda za su yi rajista. Colorado ta fice a ƙarshen Yulin 2023. Ranar 4 ga Agusta, rana ɗaya tak, Oregon da Washington suka tafi Big Ten, Arizona da Arizona State da Utah suka bi Colorado zuwa Big 12. Gamayyar da tushenta ya kai 1915 ta wayi gari da jami'a huɗu, kafin wata guda ya cika saura biyu, Oregon State da Washington State.

Abin lura shi ne farashin da masu gudun suka biya. Oregon da Washington sun shiga Big Ten a kan kusan dala miliyan 30 a shekara, wajen rabin abin da tsofaffin mambobi ke karɓa, har sai kwantiragin ya ƙare. Stanford da Cal, da ke bakin tekun Fasifik, sun shiga ACC, gamayyar da sunanta ma na gaɓar Atilantika ne, a kan kashi 30 cikin 100 na kason talabijin a shekarun farko. SMU ta Dallas ta fi kowa ban mamaki: ta yarda ta yi shekara tara ba ta karɓi ko sisi na kuɗin talabijin ba, don kawai ta sami kujera, attajiran tsofaffin ɗalibanta suka tara dala miliyan 100 cikin mako guda don cike giɓin. Ba hauka ba ne. Sun lissafa cewa wanda aka rufe ƙofa yana waje ba ya sake shiga.

Me ya sa kowa bai gudu ba? Akwai takarda da kowace jami'a ke sa wa hannu, wadda ta jinginar da haƙƙin nuna wasanninta na gida ga gamayya har zuwa wata shekara. Kamar ɗan haya ne a Mamobi da ya biya kuɗin ɗaki na shekara biyu gaba: ƙofa a buɗe take, yana iya kwashe kayansa gobe, amma kuɗinsa suna hannun mai gida. Jinginar ACC ta kai har 2036. Da Florida State ta ci wasanninta 13 duka a 2023 amma aka hana ta shiga gasar huɗun ƙarshe, sai ta kai gamayyarta ƙara a Disamba, lauyoyinta suna cewa ficewa za ta ci dala miliyan 572. Clemson ta bi sahu. An sasanta a Maris na 2025: kuɗin ficewa ya koma dala miliyan 165, yana raguwa kowace shekara har ya sauka miliyan 75 wajen 2030, kuma wani ɓangare na kuɗin talabijin za a riƙa raba shi gwargwadon yawan masu kallon kowace jami'a. Ku riƙe wannan shekarar. Kwantiragin Big Ten ma a daidai nan yake ƙarewa, na Big 12 kuma jim kaɗan bayansa.

Akwai ɗawainiyar da ba a cika faɗa ba, wato tafiya. Daga Los Angeles zuwa Rutgers a New Jersey kusan kilomita 3,900 ne, da bambancin agogo na awa uku. 'Yan ƙwallo wasa 12 suke yi a kaka, mafi yawa ran Asabar, cikin jirgin shata. Masu shan wuyar su ne 'yan kwando da 'yan ƙwallon raga da ke wasa a tsakiyar mako, ga aji na jiransu da safe.

To, yanzu kocin. Kuɗin talabijin da ya ƙaru bai sayo haƙuri ba, rashin haƙuri ya sayo. Jami'ar da ke karɓar sama da dala miliyan 60 a shekara daga gamayya tana da halin da za ta kori mutum ta biya shi, kuma attajiran da ke ba da gudummawa sun san haka. Kirby Smart na Georgia ya sa hannu a 2024 kan dala miliyan 130 na shekara goma. Irin wannan doguwar kwantiragi ba don ana sa ran mutum zai yi shekara goman ba ne. Katanga ce, don kada wata jami'a ta zo ta ɗauke shi, kuma don a nuna wa yaran da ake zawarci cewa kocin yana nan daram.

Duk kwantiragin koci, wurare huɗu ne ake dubawa. Na farko, nawa jami'a za ta biya in ta kore shi ba tare da laifi ba: duk abin da ya rage ne, ko kashi kaza cikin ɗari. Na biyu, nawa shi zai biya in ya tafi da kansa, wanda galibi sabuwar jami'ar ce ke biya, kuma adadin yana raguwa shekara bayan shekara. Na uku shi ne inda ake asarar kuɗi: shin an rubuta cewa dole ya nemi wani aiki, a cire sabon albashinsa daga abin da yake bin jami'ar? Na huɗu, me ake kira laifi, domin wanda aka kora bisa laifi ba ya samun komai, shi ya sa irin wannan kora ke ƙarewa a gaban alƙali.

Texas A&M ta manta da na uku, ko ta yi ko-oho da shi. Ta kori Jimbo Fisher a Nuwamban 2023, washegarin da ya lallasa Mississippi State da ci 51 da 10, da bashin sama da dala miliyan 75 a kanta, babu sharaɗin ragi ko da ya sami wani aikin, ana biyansa kashi-kashi har 2031. Kwatanta da Penn State. Ta kori James Franklin a Oktoban 2025 bayan ya sha kashi sau uku a jere, alhali a Janairun shekarar ya kai ta wasan kusa da na ƙarshe na ƙasa baki ɗaya. A takarda ana binta kusan dala miliyan 49, amma da yake akwai sharaɗin neman aiki, da ya koma Virginia Tech sai aka sasanta a kan miliyan 9. Layi ɗaya a kwantiragi, bambancin dala miliyan arba'in.

Kujera ɗaya in ta motsa a sama, sai ta ja na ƙasa. Nick Saban ya yi ritaya daga Alabama ranar 10 ga Janairun 2024. Alabama ta ɗauke Kalen DeBoer daga Washington, wadda kwana biyu kafin ritayar ta buga wasan ƙarshe na ƙasa. Washington ta ɗauke Jedd Fisch daga Arizona, Arizona ta ɗauke Brent Brennan daga San Jose State, duk cikin mako guda. Kowane ɗaya daga cikinsu yana tafiya da mataimakansa, waɗanda kwantiraginsu shekara ɗaya ce ko biyu, ba su da katangar da maigidansu ke da ita. Jami'ar da aka bari a waje kuwa ba ta iya riƙe ko ɗanta na cikinta: Jonathan Smith a Oregon State ya yi karatu, a nan ya yi wasa, ya dawo ya gyara ƙungiyar, amma da Pac-12 ta ruguje sai ga shi a Michigan State ta Big Ten kafin ƙarshen Nuwamban 2023.

Aikin kansa ya canza fuska. Daga Yulin 2021 aka yarda ɗan wasa ya karɓi kuɗin talla da sunansa, abin da ake kira NIL, aka kuma sassauta dokar sauya jami'a. A Yunin 2025 alƙaliya Claudia Wilken ta amince da sasantawar da ta ba jami'o'i damar biyan 'yan wasa kai tsaye, har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko, mafi yawansa ga 'yan ƙwallo, tare da ƙayyade yawan 'yan wasan ƙungiya a 105. Koci ya zama mai kasafin albashi da bin attajirai yana roƙo, kuma duk ƙarshen kaka sai ya sake zawarcin yaran da ke hannunsa. Wasu sun gaji. Chip Kelly ya ajiye shugabancin UCLA a 2024 ya koma mataimaki a Ohio State, Jeff Hafley ya bar Boston College ya koma mataimaki a Green Bay Packers ta NFL, gasar ƙwararru. Jami'o'i suka fara naɗa manajan ƙungiya dabam, irin Andrew Luck a Stanford, wanda koci ke ƙarƙashinsa.

Ƙananan jami'o'i suna rayuwa ne da kuɗin zuwa a doke su. Babba takan biya ƙarama dala miliyan ɗaya zuwa biyu ta zo gidanta wasa ɗaya. Notre Dame ta biya Northern Illinois miliyan 1.4 a Satumban 2024, baƙin suka karɓi kuɗin suka kuma ci wasan 16 da 14, abin da ba kasafai ake gani ba. Yayin da manyan gamayyoyi ke ƙara yawan wasannin da suke yi a tsakaninsu, wannan kuɗin shiga yana raguwa.

Maganar ta shafe mu fiye da kallo. Ezekiel Ansah haifaffen Accra ne, ya yi Presec a Legon, ya je BYU karatu bai taɓa buga wannan wasa ba, a 2013 Detroit Lions ta NFL ta ɗauke shi a matsayi na biyar a zaɓen sababbin 'yan wasa. Jami'arsa kaɗai ta isa misali: tana Mountain West lokacin da ya fara, ta zama mai zaman kanta a 2011, ta shiga Big 12 a 2023. NFL ta yi sansanin gwajin matasa a Ghana a Yunin 2022, kuma 'yan uwa da ke Bronx da Columbus suna da yara a makarantun sakandare da masu zawarci ke bi. Iyayen da tayi ya zo musu su nemi amsar waɗannan a rubuce: tallafin karatun na shekara ɗaya ne da ake sabuntawa ko na shekara huɗu, shekara nawa ta rage a kwantiragin kocin, kuma nawa zai biya in ya tafi da kansa, domin in adadin ya yi ƙasa kowa na iya ɗauke shi, yaushe jinginar gamayyar za ta ƙare, in yaro ya sauya jami'a, darussa nawa sabuwar za ta karɓa daga waɗanda ya riga ya ci. Na jami'ar gwamnati ana iya samun kwantiragin kocin, don takardar jama'a ce a mafi yawan jihohi. Masu zaman kansu irin USC da Notre Dame ba dole su nuna ba.

Sai batun biza, wanda ya keɓanta da yaron da ya taso daga nan. Bizar ɗalibi ta F-1 ta taƙaita aikin da mutum zai yi a biya shi a cikin Amurka, kuma tallar NIL tana iya faɗawa cikin abin da aka hana. Ɗan ƙasa da ke ɗaki ɗaya da shi zai karɓi kuɗin talla lafiya lau, shi kuwa yana iya rasa bizarsa a kan hoto ɗaya da aka biya shi. Kada ya sa hannu a kan komai, ko da kocin ne ya miƙo takardar, sai ofishin kula da ɗalibai baƙi na jami'ar ya duba ya ba da amsa a rubuce.