Lauyan da aka kulle saboda mutanen Loxicha

Shekara 11 na yi ina aikin magatakarda a kotu, kuma babu abin da ya ci mini rai kamar ganin talaka ya shigo da gaskiyarsa ya fita da hawaye, don kawai abokin shari'arsa yana da uwa a gindin murhu. Shi ya sa labarin Benito Juárez, tsohon shugaban ƙasar Meziko, ya zauna mini a zuciya.

An haife shi a 1806 a ƙauyen Guelatao cikin tsaunukan Oaxaca, ɗan ƙabilar Zapotec. Yana da shekara 3 ya zama maraya, ya tashi yana kiwon tumakin baffansa. Da ya kai 12 ya tako da ƙafa zuwa birnin Oaxaca, ko Sifaniyanci bai iya ba. A 1834 ya zama lauya.

Wurin da nake yawan komawa a tarihinsa shi ne shari'ar Loxicha. Mutanen wannan ƙauye suka kawo masa kukan cewa limamin cocinsu yana tatsar su kuɗi fiye da ƙa'ida. To a wancan zamani malamin coci a kotun coci ake tuhumarsa, soja kuma a kotun soja. Wa zai kai ƙarar kura wurin kura? Masu ƙarar aka kama, da Juárez ya bi kadinsu shi ma aka jefa shi kurkuku, wai yana tunzura jama'a.

Bai manta ba. Ya yi alƙali, ya yi gwamnan Oaxaca daga 1847, shugaban ƙasa Santa Anna ya kore shi ya koma birnin New Orleans na Amurka yana aikin naɗa taba. Da ya dawo ya zama ministan shari'a, a watan Nuwamba 1855 ya fitar da dokar da ta ɗauki sunansa, wadda ta rage ikon waɗancan kotuna na musamman, ta mayar da ƙararrakin yau da kullum gaban alƙalin kowa da kowa. Shugabancin ƙasa da ya yi daga 1858 zuwa rasuwarsa a 1872, da yaƙin Faransa da harbe Maximilian, sarkin da Faransa ta ɗora wa Meziko, a 1867, duk an fi sanin su, amma ni wannan dokar ce ta fi taɓa ni.

Abu ɗaya yana damuna. Dokar Lerdo ta 1856, wadda abokan tafiyarsa suka kafa, ta tilasta a sayar da filayen da ƙauyuka suka mallaka a dunƙule. Masu hannu da shuni suka saye da yawa daga ciki, manoma irin na Loxicha suka koma ƙwadago a gonakin da suka gada.