Kwana goma sha tara da suka cinye mini wata biyar

Na kammala digiri na biyu a fannin warware matsalolin aure da iyali a wata jami'a da ke jihar Kalifoniya ta Amurka a watan Mayun 2021, kuma har yau idan na tuna abin da ya biyo baya sai na ji wani abu ya tokare mini ƙirji. Karatun kansa ya tafi lafiya. Abin da ya fi tsaya mini a rai daga aji shi ne ranar da muke kan ka'idar Murray Bowen, likitan ƙwaƙwalwa Ba'amurke mai nazarin dangantakar iyali, aka ce kowa ya zana taswirar danginsa har zuwa kan kakanni. Tun ban gama da gidan mahaifina ba, mata uku da 'ya'ya goma sha huɗu, takarda ta cika, sai da na haɗa guda huɗu da salatif.

Digiri ba lasisin aiki ba ne. A Kalifoniya, kafin a ba da lasisi, sai mutum ya tara awa 3,000 na aiki a ƙarƙashin mai sa ido, cikin makonnin da ba su gaza 104 ba, kuma 500 daga ciki dole su kasance tare da ma'aurata ko iyalai ko yara. Ana yarda da har awa 1,300 da aka yi kafin kammala karatu. Amma daga ranar da aka ba ka digiri, awoyinka ba sa shiga lissafi sai ka yi rajista da hukumar ba da lasisi, in ban da sassauci guda: idan takardar neman rajistarka ta isa cikin kwana 90 daga wannan rana, to aikin da ka yi a lokacin jira ba ya faɗuwa.

Na san wannan doka sarai, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai. Kuskurena shi ne na fara ƙirga kwanakin daga ranar da takardar shaidar digiri ta iso mini ta gidan waya a tsakiyar Yuli, alhali ranar da ke rubuce a takardar sakamakona 21 ga Mayu ce.

Hankalina a lokacin yana kan zaɓen fannin da zan ƙware a kai. Na yi ta kai-kawo tsakanin digirin digirgir a fannin taimaka wa iyalan da ciwo mai tsanani ya shiga gidansu, irin wanda Jami'ar East Carolina ta Amurka ke bayarwa, da takardar ƙwarewa kan matsalolin shimfiɗa, wadda na san matanmu na bukatarta ƙwarai ko da ba za su furta ba, da kuma hanyar da marigayiya Sue Johnson ta Kanada da Les Greenberg suka samar a shekarun 1980, wadda ke bin diddigin tsoro da kewar da ke ɓoye ƙarƙashin faɗan miji da mata. Wannan ta ƙarshe na zaɓa, na biya kuɗin horon farko na kwana huɗu a watan Agusta, da kuɗin da na ware domin rajista, ina cewa a raina ai da sauran lokaci. Ban yi nadamar horon ba, domin da shi nake cin abinci yau. Sai dai babu abin da zai same shi da na jinkirta shi zuwa Disamba.

Na aika takardata ranar 7 ga Satumba. Bayan kwana biyu, mai sa ido a kan aikina, wata dattijuwa da ba ta cika surutu ba, ta tambaye ni ranar da ke kan takardar sakamakon. Da na faɗa mata, sai ta ciro kalanda daga bango ta ɗora a tebur, ta bi kwanakin da yatsa ɗaya bayan ɗaya har ta tsaya a kan 19 ga Agusta, sannan ta ɗago ta dube ni. Na makara da kwana goma sha tara.

Lambar rajistata ta fito a ƙarshen Oktoba. Duk abin da na yi tsakanin Mayu da wannan rana, kimanin awa 560, ya bi ruwa, kuma kaso mai yawa daga ciki na zaman ma'aurata ne, wanda shi ya fi wuyar samu, domin ba kullum miji ke yarda ya biyo matarsa ba. Da na kira mahaifiyata a Kano ina kuka, na ce, "Hajiya, aikin wata biyar ya tafi a banza," sai ta ce mutanen da na zauna da su ai sun amfana. Gaskiya ta faɗa, amma a daren nan ban iya jin ta ba.

Na samu lasisi a 2024. Yanzu duk ɗalibin da ya zo neman shawarata kan fannin da zai ƙware, ba na buɗe wannan magana sai ya nuna mini takardar sakamakonsa mun ƙirga kwana 90 tare. Takardun lissafin awoyin nan kuwa, kowacce da sa hannun dattijuwar, suna nan a durowar ƙasa ta teburina, na kasa yaga su.