Layi ashirin

Satina na uku a Ingila, malamarmu ta darasin halayyar mutum a cikin jama'a ta raba mana takarda mai layi ashirin, ta ce kowa ya amsa tambaya ɗaya sau ashirin: ni wace ce? Ban yi wata-wata ba. 'Yar wane, jikar wance, yayar mutum biyar, Musulma, Bahaushiya. Kafin kowa na gama. Sai da aka fara karantawa na ji irin abin da suka rubuta: ina da buri, ba na son hayaniya, na iya iyo. Ko mutum ɗaya bai ambaci ubansa ba.

Malama ta ɗaga tawa tana murna kamar ta yi tsintuwa. Wai ga abin da masana biyu, Markus da Kitayama, suka rubuta a 1991 ya fito a zahiri, mutumin da ba ya ganin kansa sai ta jikin wasu. Ajin gaba ɗaya ya juyo. Da ƙasa za ta tsage, da na shige.

Haushi ne ya kai ni ɗakin karatu. Ashe takardar kanta a jihar Iowa ta Amurka wasu masana, Kuhn da McPartland, suka fito da ita a 1954, a kan ɗalibansu. Fannin ma a can ya yi ƙiba, bayan masana irin su Kurt Lewin sun baro Jamus a 1933 saboda Hitila. Su kansu masanan nan Turai sun gaji da aron awon Amurka, suka kafa ƙungiyarsu a 1966. Henri Tajfel, Bayahuden Poland da yaƙi ya cinye danginsa, ya zauna a Biristol yana tambayar me ke sa mutum ya fifita 'yan ɓangarensa ko da rabon na banza ne. A Filifin kuwa Virgilio Enriquez ɗauko kalmarsu ta gida ya yi, kapwa, wato ganin kanka da wani a matsayin abu ɗaya, ya gina nasa ilimin a kanta. Wannan ya burge ni, har na ji kishi.

Mu fa? Markus da Kitayama yawanci Amurkawa da Japanawa suka gwada, amma ga ni an zuba ni kwando ɗaya da Japanawan. Ina kunya a rubutun nasu, ina kara? Wane layi zai ɗauki uwar da ba ta taɓa kiran sunan 'yarta ta fari ba, alhali ba ta barci in 'yar tana zazzaɓi?

Daren ranar na kira Inna na kwashe labari na faɗa mata. Ta yi shiru, can ta ce, "To, da me suke so ki rubuta?" Ba ta jira amsa ba ta shiga zancen auren ƙanwata, an sa rana, Baba ƙafar ta tashi kuma ya ƙi zuwa asibiti. Minti arba'in muna waya, ɗakin ya yi sanyi ban kunna hita ba, ita kuwa "ke" kawai take ce mini.