Bayit ɗaya a injin ƙyanƙyasa

Shekara shida ke nan da na buɗe ɗan kamfanina a Samaru, inda ni da yaran shago biyu muke harhaɗa na'urar da ke lura da zafi da danshin injin ƙyanƙyasar ƙwai, ta riƙa aika wa mai gona saƙon tes. Ƙwaƙwalwarta ATmega328P ce, irin ta ɗan allon lantarkin nan Arduino Uno, wadda ma'ajiyar aikinta ba ta wuce bayit 2048 ba (bayit ɗaya gurbin harafi ɗaya ne), kuma da harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙira a 1972, muke rubuta mata umarni.

A wannan harshe rubutu jerin haruffa ne kawai da ake rufewa da sifili, shi ne alamar ƙarshe. Idan ana son haɗa guntaye, sai a kira wata dabarar harshen mai suna strcat, ta bi rubutun farko tun daga kai har ta tarar da sifilin, ta liƙa na biyu a wurin. Ba ta tambayar ko da sauran wuri. Zuba take yi kamar mai auna hatsi ido rufe, ko mudu ya cika ba ruwanta.

Saƙonmu guntaye huɗu ne: "Zafi 37.5 Danshi 60". Haruffa 19 ne har da tazara, ga sifili, don haka na ware bayit 20 cif, ina ganin na yi tattali. Duk rani babu matsala. Cikin watan Agusta raɓa ta kwanta a kan ma'aunin wata gona da ke wajen Shika, danshi ya nuna 100, lamba uku maimakon biyu, sifilin ya tsallaka gidan maƙwabci ya faɗa kan bayit ɗin da ke riƙe da umarnin kunna hita, ya shafe shi. Da asuba mai gonar ya kira ni, ƙwai sun yi sanyi. Kwana uku muna zargin waya da batir, domin saƙon kansa lafiya lau yake fita.

Yarona ya ce, "Oga, mu koma strncat mana." Ita 'yar'uwar strcat ce da ake ba lamba don iyaka. Na ƙi, saboda lambar da ake ba ta adadin haruffan da za a ƙara ce, ba girman ma'ajiyar ba, kuma nan ma mutane ke zamewa. Yanzu snprintf muke amfani da ita, wadda ta shiga ƙa'idar harshen a 1999: ana faɗa mata girman wurin, ta haɗa guntayen a kira ɗaya, ta dawo da tsawon da saƙon ke buƙata, mu gane ko an datse shi. Kuɗin ƙwan kuwa, rabi na biya.