Abin da fashewar kan tarwada ya koya mini game da bitamin

Ina da ɗan injin haɗa abincin kifi a bayan gari, da tankuna shida na tarwada. Shekarar da na fara haɗa abincin da kaina, masara da waken soya da garin kifi duk na auna su daidai, amma da bazara ta kama sai kifayena suka fara mutuwa, wasu ƙashin kansu a tsage. Na ɗora wa ruwa laifi, na zuba magani, ba abin da ya canza. Ashe bitamin C ne babu.

Tarwada ba ta iya ƙera wannan bitamin a jikinta, sai dai ta ci. Haka ma tirawut, kifin ruwan sanyi da ake kiwo a Turai da Amurka, wanda yana cikin kifayen da aka fara gane matsalar a jikinsu tun shekarun 1960: in aka hana shi bitamin C ƙashin bayansa ya karkace, ciwo ya ƙi warkewa. Shi tirawut in zafin ruwa ya wuce digiri 25 ya kusa halaka. Tamu tarwadar tana da juriya, amma ita ma tana galabaita, domin ruwa in ya ɗumama iskar oksijin ɗinsa raguwa take yi.

Inda na yi kuskure, ina zuba garin bitamin kafin haɗin ya shiga inji, zafi da tururi su cinye shi. Abin da ya rage kuma ajiya a shago mai zafi ta ƙarasa. Yanzu bitamin C wanda aka ɗaure da sinadarin fosfet nake saye, mai jure wuta. Ya fi tsada, kuma ban taɓa nadamar kuɗinsa ba.

Bitamin E aikinsa tsare kitsen jikin kifi daga lalacewa, bitamin C kuwa yana farfaɗo da bitamin E ɗin in ya yi aiki, shi ya sa ba na raba su. Garin kifin da mansa ya fara wari ba ya shiga injina ko kyauta ne, don yana cinye bitamin E tun a buhu.

Ranar wahala ake ganin bambancin: ranar ware manya da ƙanana, ranar ɗaukar 'ya'yan kifi a jarka zuwa nesa. Kafin irin wannan rana nakan ƙara bitamin a abinci na kwanaki, in daina ciyarwa ana gobe, in yi aikin da asuba. Abokan cinikina kuwa ba na sayar musu da abincin da zai wuce wata guda a ajiye, ko da sun nace.