Abin da ramin da ya ƙi tashi ya koya mini

Lokacin da na fara aikin fasa dutse da nakiya a mahaƙar ma'adinai, na ɗauka cewa duk haɗarin sana'ar yana cikin daƙiƙar da ake danna maɓalli ƙasa ta girgiza. Sai da na daɗe a bakin aiki na fahimci cewa wannan daƙiƙar ita ce aka fi tsarewa, domin a lokacin kowa ya janye nesa, jiniya ta yi kuka, hankalin kowa kuma yana wuri ɗaya. Inda ake rasa rayuka shi ne sa'o'in da suka gabace ta da mintocin da suka biyo bayanta, lokacin da gajiya ta shiga jiki, ake kuma ganin cewa aikin yau daidai yake da na jiya.

Watanni na farko ban taɓa ɗura nakiya a rami ba. Maigidana ya ajiye ni a sito ina ƙirga detoneta, wato ƙananan bututun ƙarfen nan da ke tayar da nakiya, ina rubuta adadin da ya fita da safe da adadin da ya dawo da yamma, kuma idan lissafi ya saɓa ko da ɗaya ne, babu mai tafiya gida sai an gano inda ta shiga. A can na koyi cewa ba a ajiye detoneta ɗaki ɗaya da nakiya, ba a ɗaukarsu wuri ɗaya a mota sai da shamaki tsakaninsu, kuma kayan da suka riga shigowa su ake fara fitarwa. Raba abin da ke saurin tashi da abin da ke da ƙarfin ɓarna shi ne tushen sana'ar tun daga Alfred Nobel, wanda ƙanensa Emil ya mutu a fashewar naitirogilisarin, wani ruwan nakiya mai saurin tashi, a Stockholm a 1864, kafin shi Nobel ya yi rajistar dainamait a 1867. Wanda ya san wannan tarihi ba zai ɗauki littafin sito a matsayin aikin akawu kawai ba.

Darasin da ya fi zauna mini ya zo ne wata rana da muka tayar da layin ramuka a gefen wani babban kwari. Ƙara ta yi daidai, ƙura ta tashi, dutse ya zube kamar yadda aka tsara, manyan motocin kwashe kaya kuma suna jere suna jiran izini, domin an riga an makara. Na yunƙura zan sauka in duba, sai maigidana ya riƙe mini hannu ya ce, "Yaro, zauna, agogo bai cika ba." Na ce masa, "Baba, ai komai ya tashi." Ya amsa cewa kunne ba ya ƙirga rami. Da lokacin jira ya cika muka sauka mu biyu kaɗai, sai ga wani ɓangare na dutsen bai motsa ba, igiyar da ke kai saƙon tashi zuwa rami ɗaya kuma tana kwance a yanke, saboda dutsen da ya motsa a ramin da ke gabansa ya datse ta kafin saƙon ya isa ƙasa. Nakiyar tana ciki da detonetarta lafiya lau. Da mun ba da izini, haƙoran injin kwasa ne za su fara tarar da ita, da direban yana zaune a kanta.

Mun killace wurin, mun mayar da motoci baya, an kuma kashe sauran ranar ana magance rami guda, abin da bai yi wa masu lissafin tan daɗi ba ko kaɗan. Dokokin haƙar ma'adinai na Amurka, alal misali, sun ce a jira minti 30 idan an yi aiki da igiyar wuta, wato wadda ake kunna wa wuta ta ci a hankali har ta kai ga detoneta, ko minti 15 idan da wasu nau'o'in detoneta ne, kafin a kusanci wurin da ake zargin wani rami ya ƙi tashi, kuma kowace ƙasa da kowane mai ƙera kayan yana da nasa ƙa'idar. Ba a taɓa sake huda cikin gindin tsohon rami, domin ragowar nakiya tana iya maƙalewa a ciki har tsawon shekaru. Abin da ya dame ni a ranar shi ne na san duk waɗannan ƙa'idoji, na rubuta su a jarrabawa, amma da na ga motoci suna jira sai na fifita abin da kunnena ya ji a kan abin da aka koya mini.

Daga baya na karanta labarin Oppau a Jamus, na gane cewa ciwon da ya kusa kama ni tsoho ne. A wata masana'antar taki da ke can, gaurayen amoniyam naitiret yakan dunƙule ya zama kamar dutse a cikin rumbu, ma'aikata kuma sun saba farfasa shi da 'yar nakiya, har an ƙiyasta cewa sun yi haka kimanin sau 20,000 ba tare da wani abu ya faru ba. Ranar 21 ga Satumba, 1921 rumbun ya tashi, ya hallaka mutum fiye da 500. Sabo turken wawa, in ji masu iya magana, kuma a wannan sana'a har mai hankali yakan ɗaure kansa a wannan turke, domin duk ranar da aka tsallake ƙa'ida aka kwana lafiya, zuciya tana ɗaukar hakan a matsayin hujja. Amoniyam naitiret, wanda shi ne ginshiƙin yawancin nakiyar da ake aiki da ita a ma'adinai tun shekarun 1950, yana da saurin yaudara saboda kamanninsa na taki ne kuma ba ya tashi da sauƙi, amma abin da ya faru a tashar jiragen ruwa ta Beirut ranar 4 ga Agusta, 2020, inda aka jibge kimanin tan 2,750 tsawon shekaru, ya nuna abin da yake yi idan ya haɗu da wuta da mummunar ajiya.

Na kuma koyi girmama aikin da ake rainawa, wato na masu gadin hanya. Binciken da hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiya da amincin ma'aikata, ta yi kan raunukan fasa dutse a mahaƙan da ke sarari ya nuna cewa kimanin kashi biyu bisa uku sun samo asali ne daga abu biyu kawai, duwatsun da ke tashi sama da kuma rashin tsare wurin da kyau. Dutse yakan yi tsalle ya wuce iyaka ne idan tazarar da ke tsakanin rami da fuskar dutsen ta yi kaɗan, ko ba a toshe bakin ramin da isasshiyar tsakuwa ba, ko kuma akwai kogo ko tsaga a ciki da ta haɗiye nakiya fiye da kima. Saboda haka na daina ɗura kowane rami sai na karanta abin da mai huda ya rubuta, domin shi ne yake ji a hannunsa inda ƙarfen ya zurma cikin fili ko ya tarar da laka. Tsarin da injiniya ya zana a kwamfuta yana ɗaukar dutse a matsayin abu guda mai kama ɗaya, alhali dutsen da ke ƙarƙashin ƙafarmu yana canzawa daga rami zuwa rami. Akwai ma ƙasar da ke ɗauke da ma'adinin fairait, wadda kan yi hulɗa da amoniyam naitiret ta haifar da zafi har rami ya tashi da kansa, abin da ya sa ake gwada irin wannan ƙasa tukuna a kuma zaɓi nakiyar da aka haɗa musamman dominta.

Hayaƙi ma yana kisa cikin shiru. Idan aka ga gajimare mai launin ruwan goro ya taso bayan fashewa, alama ce ta iskar naitirojin dayoksaid, wadda kan yawaita idan ruwa ya jiƙa nakiya a rami, kuma wanda ya shaƙe ta yana iya tafiya gida da ƙafarsa, sai bayan sa'o'i huhunsa ya cika da ruwa. Ita kuwa kabon monoksaid ba ta da launi ba ta da wari, a ƙarƙashin ƙasa kuma na'urar aune kaɗai ake yarda da ita.

Ina ganin darajar masu bincike ƙwarai, domin kusan kowane kayan da ke hannunmu amsa ce ga wata musiba. William Bickford ya fito da igiyar wuta mai ci a hankali a Ingila a 1831 saboda mahaƙan da ke mutuwa wajen kunna albarushi. Bayan fashewar mahaƙar kwal ta Courrières a Faransa a 1906, wadda ta ci rayuka 1,099, da ta Monongah a Amurka a 1907, aka tsananta gwajin nakiyar da harshen wutarta gajere ne don kada ta kunna iskar methen ko ƙurar kwal, aka kuma kafa Hukumar Ma'adinai ta Amurka a 1910. A farkon shekarun 1970 aka fito da siririn bututun roba na Nonel a Suwidin, mai kai saƙon tashi ga detoneta ba tare da lantarki ba, wanda ya rage fargabar ɓatacciyar wutar lantarki da igiyoyin rediyo, daga baya detoneta masu ƙwaƙwalwar lantarki suka ba mu damar gwada kowace ɗaya kafin a tayar, da daidaita tazarar lokaci don rage girgizar da ke isa gidajen maƙwabta. Sai dai na lura cewa duk lokacin da kaya suka ƙara aminci, wasu ma'aikata sukan rage tsoro daidai gwargwado, har ka ga mutum yana ci gaba da ɗuri hadari yana haɗuwa, alhali ƙa'ida ita ce a bar wurin da zarar an hango walƙiya, ko da wane irin detoneta ake aiki.

Yanzu da sababbin ma'aikata ke zuwa hannuna, a sito nake fara ajiye su, kuma nakan buƙaci su rubuta duk abin da ya kusa faruwa ko da babu wanda ya ji ciwo, ba tare da an hukunta mai rubutawa ba, domin na ga wuraren da tsoron hukunci ya sa aka ɓoye rami mai nakiya a ƙarƙashin tarin dutse. Rahoton ramin nan namu yana cikin abin da nake ba su su karanta, da sunana a jiki da kuma maganar da na faɗa wa maigidana, kuma bayan kowace fashewa ɗaya daga cikinsu nake miƙa wa agogo ya riƙe, shi ne kuma zai faɗa mini lokacin da za mu sauka.