Jan akwatin da bai jira Kawu ba

Yau da hantsi na tahi shagon Kawu a babbar kasuwa in ga yadda shahin lissahin da na yi mishi, wanda yake shigar da ciniki a waya, ke tahiya. Rana kam ba a magana, kabu-kabu ma da ƙyar na samu.

Da farko alert() na JavaScript (harshen da ake ba shahi umarni da shi) na sa, wato akwatin saƙon da ke hitowa ya tsaida komi sai ka latsa OK, Kawu ya ce abin ya ishe shi kowane buhu sai an tare shi. To na cire, na yi akwatin saƙo na kaina a saman shahi, kore in an adana, ja in an samu matsala, na sa setTimeout, agogo mai ƙirga lokaci, a 3000 wato daƙiƙa 3, lokaci na cika display ya koma none, wato akwatin ya ɓace. A ordinatar tawa abin gwanin kyau.

Ina zaune wani ya ɗauki buhun gujiya 2 bashi, Kawu ya shigar a wayarshi, daidai nan rezo ya yanke, ja ya hito. Kahin Kawu ya ciro tabarau daga aljihu har saƙon ya tahi. Ya dube ni ya ce "mi ya ce?" Na ce Kawu cewa ya yi bai shiga ba. Ya ɗan yi shiru sannan ya ce "to ɗana, da ba ka nan hwa, wa zai hwaɗa mini?" Bai yi hwaɗa ba, bai ƙara komi ba, hannu kawai ya miƙa ya jawo tsohon littahin nan mai baƙin bango ya rubuta da biro. Wallahi miƙa hannun nan shi ya tsaya mini a rai har yanzu. Mutumin da ya koyi boko da girmanshi, harahi harahi yake bi, ni kuma na auna daƙiƙa 3 da idona.

Ko hurar da ya saya mini ban iya shanyewa ba.

Bayan la'asar na zauna gyara. Ja yanzu ba ya motsi sai ka latsa "na gani" da kanka, kore na kai shi daƙiƙa 6. Ina ciki na gano wata kuma, in ka latsa adana sau biyu a jere agogon farko na nan yana ƙirga, shi ke kashe saƙo na biyu tun bai daɗe ba, sai da na sa clearTimeout mai tsaida tsohon agogo kahin kowane sabon saƙo. Na kuma koma visibility hidden don akwatin ya ɓuya amma ya riƙe wurinshi, da display none shahin zabura yake yi sama yatsa ya sauka inda ba a nuha ba.

Kuran ya ɗauke da magariba. Inna ta yi tuwon gero miyar kuka.

Tun litinin Kawu ke aiki da shi shi kaɗai. Ja nawa ya wuce bai gani ba, bashin wa ya salwanta? Gobe in Allah ya kai mu tun kahin ya buɗe shago ina bakin ƙohwa, mu bi su ɗaya bayan ɗaya, in dai ya tuna.